Labarin yaƙi daga bakin 'yan mazan jiya: tambayoyi da amsoshi

Kusan kowace unguwa tana da wani dattijo da ake ce wa Saje ko Kofur, alhali ya fi shekara arba'in da tuɓe kaki. Yara sun san yana da tabo a ƙafa, sun san ba ya son a buga ƙofa da ƙarfi, amma ba wanda ya taɓa zama ya tambaye shi daga ina abin ya samo asali. Waɗannan amsoshi na masu son su yi wannan zama ne, da kuma tsofaffin sojojin da ke tunanin rubuta nasu da hannunsu.

Wai su wa suka rage da za a ji labari daga bakinsu?

Lissafin ba shi da wuya. Wanda yake ɗan shekara 18 a 1945, lokacin da aka gama Yaƙin Duniya na Biyu, an haife shi a 1927. In yana raye, yana bakin ɗari. Irinsu sai an tona. Waɗanda suka je Kwango aikin kiyaye zaman lafiya na Majalisar Ɗinkin Duniya tsakanin 1960 da 1964 ma sun yi ƙaranci. Masu yawan su ne na yaƙin basasa, wanda aka fara ranar 6 ga Yuli 1967 aka gama ranar 15 ga Janairu 1970. Kafin yaƙin sojan Najeriya bai wuce dubu goma da 'yan kai ba, amma kafin a ƙare ya kai wajen dubu 250. Samarin da aka kwasa a lokacin yanzu suna dab da tamanin ko sun haura. Bayansu akwai na ECOMOG, rundunar kiyaye zaman lafiya ta Afirka ta Yamma, da suka shiga Laberiya a 1990 sannan Saliyo, da na Darfur, da waɗanda suka yi ritaya daga fagen daga na Arewa maso Gabas.

In da za a ce in zaɓi inda ya fi gaggawa, na yaƙin basasa zan nuna. Suna da yawa, hankalinsu na nan, kuma kowace damina sai ta tafi da wasu.

Me ya kai Bahaushe Bama tun farko?

Ba Bama ta jihar Borno ake nufi ba. Ƙasar da yau ake kira Myanmar ce, wadda Japanawa suka ƙwace daga hannun Ingila a 1942, lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. Turawa suka ga daji ne mai duhu da zazzaɓi, suka yanke cewa mutanen Afirka ta Yamma za su fi jure masa. Aka kafa runduna ta 81 da ta 82 daga Najeriya, da Gwalkwas wato Ghana ta yau, da Saliyo da Gambiya. Kimanin mutum dubu casa'in suka tafi, fiye da rabinsu 'yan Najeriya. A Arewa, ta hannun sarakuna da hakimai aka yi ta neman kurata, kuma ba kowa ne ya tafi da son ransa ba.

Runduna ta 81 ta yi faɗa a kwarin kogin Kaladan a 1944, inda babu hanyar mota, abinci da harsasai sai dai jirgin sama ya jefo musu, sauran kaya kuma a ka. Wata birged ta 'yan Najeriya ta shiga cikin dakarun da ake kira Chindit, waɗanda aka sauke a bayan layin Japanawa. A watan Janairu 1945 aka kama garin Myohaung.

Abin mamaki shi ne muna furta sunayen wuraren nan kullum ba tare da mun sani ba. Barikin Dalet da na Kalapanzin a Kaduna, barikin Chindit a Zariya, Letmauk a Ibadan, Arakan da Tamandu a Legas, har da Dodan inda shugabannin mulkin soja suka zauna: duk daga yaƙin Bama sunayen suka fito. Hedikwatar sojan Ghana a Akara ma sunan Bama take ɗauke da shi. Sunayen garuruwa sun dawo gida sun zauna a kan allunan bariki, sunayen mutanen da suka taka garuruwan kuwa yawancinsu sun ɓace.

In sun yi yawa haka, ina labaran nasu?

Sun ba da labari, ba wai ba su bayar ba. Sun bayar a zaure, a gindin bishiya, a wurin mai shayi. Matsalar ita ce akasarinsu ba su yi boko ba, masu rubuta tarihin yaƙin kuma Turawan hafsoshi ne da ke rubuta wa 'yan uwansu a Ingila. A littattafan, sojan Afirka yakan fito a jimla: “mutanena”, “masu ɗaukar kaya”. Kaɗan ne aka ambata da suna, irin su Samanja Chari Maigumeri, mutumin Borno, wanda barikin Lokoja ke ɗauke da sunansa.

Ga wani abin takaici kuma. Hausa ce harshen bariki a wancan zamani, har Turawan hafsoshi sai da suka koye ta. Jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, da aka fara bugawa a 1939 Abubakar Imam na edita, tana kawo labarin yaƙin da Hausa. Da sojojin suka dawo, Sa'adu Zungur ya yi musu waƙar maraba. Wato an yi yaƙin da Hausa, an yi marhabin da Hausa, amma da aka zo ajiye tarihi sai Turanci ya cinye fagen.

Akwai ƙaramin sojan da ya rubuta nasa da kansa?

Akwai, kuma labarinsa ya isa ya zaburar da duk mai jinkiri. Isaac Fadoyebo, daga ƙauyen Emure-Ile kusa da Owo, ya shiga soja a 1942 yana ɗan shekara 16, aka sa shi cikin masu jinya. A farkon Maris 1944 Japanawa suka buɗe wa ayarinsu wuta a bakin kogin Kaladan. Harsashi ya farfasa masa ƙashin cinya, aka bar shi a cikin gawarwaki. Shi da wani ɗan Saliyo, David Kargbo, suka rayu saboda wani manomi Musulmi mai suna Shuyiman ya ɓoye su, yana ciyar da su, har wajen wata tara, alhali da Japanawa sun gano da shi da iyalinsa sun halaka.

Isaac ya dawo gida da ɗingishi, ya yi aikin gwamnati, ya zauna ya rubuta abin da ya same shi a 'yan shafuka kimanin sittin. Rubutun ya kai hannun masanin tarihi David Killingray, aka buga shi a 1999. Bayan shekaru wani ɗan jarida, Barnaby Phillips, ya ci karo da shi a ɗakin karatun gidan tarihin yaƙi na Landan, ya nemo tsohon a Legas. A 2011 ya ɗauki wasiƙar godiya daga hannun Isaac ya tafi Bama, ya bi kogi har ya gano zuriyar Shuyiman, ya karanta musu. Isaac ya rasu a 2012, bayan ya ji cewa godiyarsa ta isa. Shafi sittin ne suka yi wannan aiki.

Ai manyan hafsoshi sun rubuta yaƙin basasa. Bai wadatar ba?

Sun rubuta, kuma a karanta su. Obasanjo ya fitar da nasa a 1980. A shekarar ne kuma Alexander Madiebo, wanda ya jagoranci sojan ƙasa na Biyafara, ya fitar da nasa. A 2013 Birgediya Godwin Alabi-Isama, wanda ya yi aiki a runduna ta uku, ya buga wani katon littafi cike da hotuna, yana ƙaryata abubuwa da dama da Obasanjo ya faɗa. Babangida ya ƙaddamar da nasa a Fabrairu 2025.

Sai dai janar yana kallon yaƙi ne daga kan taswira, kuma yana rubutu da sanin cewa tarihi zai yi masa shari'a, don haka kowa na wanke kansa. Ba a littafin janar za ka ji yadda takalmi ke ruɓar da ƙafa bayan kwana goma a cikin fadama ba, ko yadda ake raba gwangwanin kifi ɗaya tsakanin mutum biyar, ko abin da yaro ɗan Gumel ya ji ranar da ya fara ganin teku. Wannan sai a bakin farabiti da kofur. Mamman Vatsa ya gane haka tun da wuri, shi ya sa a shekarun 1970 ya tattara waƙoƙin da sojoji suka rubuta ya buga su.

Mahaifina tsohon soja ne amma ba ya son maganar. Ta ina zan ɓullo masa?

Kada ka fara da yaƙi. Wanda ya shiga ya ce, “Baba, ba mu labarin Biyafara,” amsar da zai samu ita ce “ai ya wuce,” shi ke nan ƙofa ta rufe. Fara da ranar da ya bar gida. “Baba, wa ya raka ka tasha? Inna ta sani kuwa, ko guduwa ka yi?” Daga nan sai Zariya, wurin horon kurata: askin farko, kakin da ya yi masa yawa, samanjan da ya addabe su. Tsohon soja da wuya ya ƙi ba da labarin samanjansa, kuma yawanci da dariya yake bayarwa. In dariya ta buɗe baki, sauran zai biyo a hankali, wataƙila ba ranar ba.

Kaya ma suna taimakawa. Ka roƙe shi ya fito da takardar sallama, da lambobin yabo, da tsohon hoto. Ka tambaye shi lambarsa ta soja. Mutum zai iya manta shekarar da aka haifi ɗansa na uku, amma lambar nan zai zubo ta kamar karatun allo.

Wani lokaci kuma ɗa ba shi ne ya dace ba. Akwai kunya tsakanin uba da ɗan fari. Jika, da yake abokin wasa ne, yakan samu abin da ɗa bai samu ba. Haka ma in aka haɗa shi da wani tsohon abokin aikinsa aka kawo shayi, ka koma gefe ka bar su: gardamar da za su yi a kan wace bataliya ce ta fara shiga gari ta fi duk tambayoyin da ka shirya.

Akwai tambayar da ba a yi?

“Mutum nawa ka kashe?” Ita ce ta fara zuwa bakin yara, kuma ita ce ke kashe hira. In zai faɗa, da kansa zai kawo.

Wane kayan aiki nake bukata?

Wayar da ke hannunka ta isa. Murya ta fi hoto muhimmanci, kuma dattawa da yawa sun fi sakin jiki in ba a saita musu kyamara a fuska ba. Ka cika caji, ka share wuri a memori, ka kashe shigowar kira, ka ajiye wayar a kan matashi kusa da shi.

Na taɓa yin asarar da har yau take ci mini rai. Wani dattijo a unguwarmu, wanda ya yi yaƙin basasa, ya yarda mu zauna bayan la'asar. Ya yi magana fiye da awa ɗaya, har ya nuna mini da hannu yadda suke kwanciya a rami in an fara ruwan igwa, ya ce ƙasa takan shiga baki har ka ji tana ƙaras-ƙaras a haƙori. Da na koma gida na kunna, ba abin da ke fita sai kukan fanka da na injin markaɗen maƙwabta. Na koma na ce, “Baba, a yi haƙuri, a maimaita mini.” Ya dube ni ya ce, “Yaro, ai ba waƙa ba ce.” Bai sake ba. Tun daga ranar nake ɗaukar minti ɗaya na gwaji in saurara kafin a fara.

A farkon kowane ɗauka ka faɗi kwanan wata, da garin, da sunan mai magana, da bataliyarsa. Kada zama ɗaya ya wuce awa guda. Zama uku gajeru sun fi ɗaya mai tsawo, don tsakanin zama da zama ne abubuwa ke dawo masa.

Idan na lura yana ƙara gishiri, ko yana rikita shekaru fa?

Kada ka katse shi, kada ka yi masa gyara a gaban mutane. Shekara hamsin ba kwana hamsin ba ce. Mutum kan haɗa faɗa biyu su zama ɗaya, kan ɗauki abin da ya faru da abokinsa ya ɗora wa kansa ba da niyyar ƙarya ba, don ya sha ba da labarin har ya zauna masa haka. Inda tsofaffi suka fi kuskure shi ne kwanan wata da adadi. Inda ba su cika kuskure ba shi ne wari, da yunwa, da sunan wanda ya mutu a gefensu.

Ka rubuta yadda ya faɗa. Daga baya ka gwada da abin da aka tabbatar: in ya ce sun shiga Inugu da sallar layya, ka duba, an kama Inugu ne a farkon Oktoba 1967. In akwai saɓani, ka sa bayaninka daban, ka bar maganarsa yadda take. Mai gyara wa tsoho magana don ta yi daidai da littafi ya ɓata shaida, bai ƙara komai ba.

In ya yi shiru ko hawaye suka zubo, in tsaya?

Ka yi shiru kai ma. Kada ka yi saurin cewa “sai haƙuri” don ka cike gurbi. In ya daɗe, ka tambaye shi, “Baba, mu dakata?” Shi ke da zaɓi. Amma in ka ga bayan hirar ya daina barci, yana firgita cikin dare, ko ya koma faɗa da kowa, to tabon yaƙi ne ya motsa, kuma ciwo ne da likitoci suka sani suke kuma maganinsa. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya a Kaduna da Maiduguri da Kware. A dakatar da hira, a nemi taimako. Lafiyarsa ta fi kaset ɗinka.

Idan ya faɗi abin da ba shi da daɗin ji, kamar kisan fararen hula?

Yaƙin basasa yana da irin wannan. A Asaba, a watan Oktoba 1967, sojojin tarayya sun kashe ɗaruruwan maza fararen hula, kuma hirarrakin da aka yi da waɗanda suka tsira ne suka fito da abin fili bayan shekaru ana rufa-rufa. Akwai kashe-kashen 1966, akwai yunwar da ta cinye yara a Gabas, akwai kuma abin da dakarun Biyafara suka yi a yankunan da suka mamaye. Tsohon da ya kai shekara tamanin wani lokaci yana son ya sauke wani nauyi kafin ya gamu da Ubangijinsa.

Ra'ayina shi ne a ɗauka, kada a goge. Amma ɗauka daban, yaɗawa daban. Kafin a fara, ku yi yarjejeniya a cikin rikodin ɗin: wa zai ji, yaushe, da sunansa ko ba suna. Yana da damar ya ce kada a fitar sai bayan ransa. Abin da na fi tsana shi ne a yanko daƙiƙa talatin mafi zafi a watsa a TikTok don neman mabiya. An ci amanar tsoho, an kuma ba masu neman fitina makami.

Wanda ke bakin aiki, ko bai daɗe da barin Arewa maso Gabas ba, zai iya magana?

Sojan da ke cikin kaki ba ya hira da 'yan jarida ko wallafa abin da ya shafi aiki sai da izinin hukuma, kuma akwai dokar sirrin gwamnati da ke bin mutum har bayan ritaya. Yaƙin nan bai ƙare ba, don haka sunan wuri ko na mai ba da bayanan sirri na iya jawo asarar rai. Abin da zai iya yi shi ne ya riƙa rubuta wa kansa a littafi, da kwanan wata, ya adana. Bugawa ta jira lokacinta.

Matansu fa?

A zauna da su, kuma mace ta yi hirar in da hali. Matar da ta yi wata talatin a bariki tana jiran a kira sunan mijinta cikin waɗanda suka faɗi, ita ma ta yi yaƙi. Kowane bariki yana da magajiya, shugabar matan sojoji, wadda ta san wa aka yi wa takaba, wa aka fitar daga ɗaki bayan rasuwar miji, wa ta yi shekaru tana bin fansho. Ita ce kuma ta san yadda mijin ya dawo, abin da shi ba zai taɓa faɗa ba.

A Nijar da Ghana ma haka abin yake?

Kusan haka, sai dai kowa da irin nasa miki. 'Yan Nijar sun yi wa Faransa yaƙi a cikin rundunar da aka laƙaba wa sunan Senegal ko da mutum daga Damagaram ya fito. Ranar 1 ga Disamba 1944, a sansanin Thiaroye kusa da Dakar, sojojin Faransa suka buɗe wuta a kan sojojin Afirka da suka dawo daga Turai suna neman haƙƙinsu. Faransa ta daɗe tana cewa mutum 35 ne suka mutu, masana tarihi na cewa sun ninka haka nesa ba kusa ba. Wata doka ta 1959 kuma ta daskarar da fanshon tsofaffin sojojin ƙasashen da ta mallaka, aka bar su suna karɓar abin da bai taka kara ya karya ba.

A Akara, ranar 28 ga Fabrairu 1948, tsofaffin sojoji suka yi tattaki zuwa fadar gwamna da takardar koke. Aka harbe uku: Saje Adjetey, Kofur Attipoe da Farabiti Odartey Lamptey. Tarzomar da ta biyo baya ta gaggauta samun 'yancin Ghana. Duk mai hira da tsohon soja ya shirya jin maganar fansho, don ba ta fita daga labarin yaƙi a ko'ina.

Bayan na ɗauka, ina zan kai?

Amurka ta yi wa wannan tsari. A shekarar 2000 majalisarsu ta kafa shirin tattara tarihin tsofaffin sojoji a ƙarƙashin babban ɗakin karatun majalisar, kuma jama'ar gari ne ke yin hirar su aika: jikoki, ɗalibai, maƙwabta. Sharaɗin shi ne hira ta kai minti 30, rubutun tarihin kai ya kai shafi 20. Sun tara na mutum fiye da dubu ɗari.

Mu a nan sai mutum ya yi wa kansa hanya. Ka yi kwafi uku: ɗaya a kwamfuta, ɗaya a intanet, ɗaya a hannun wani ɗan uwa a wani gari, don waya tana faɗawa ruwa, ana kuma sace ta. Sannan ka tuntuɓi wuraren da aikinsu ke nan: Gidan Arewa da ma'ajiyar tarihi ta ƙasa a Kaduna, sassan tarihi na jami'o'i irin su Ahmadu Bello da Bayero, gidan tarihin yaƙi na Umuahia, ko cibiyar CELHTO a Yamai da ke adana tarihin baka. Ofishin ƙungiyar 'yan mazan jiya na jiharku kuma shi ne wurin da ya fi sauƙin samun wasu dattawan.

Ni tsohon soja ne, ina so in rubuta, amma Turancina bai da ƙarfi.

Ranka ya daɗe, rubuta da Hausa. In ajami ya fi maka sauƙi, yi da ajami. In hannu na rawa ko ido ya yi rauni, ka faɗa jikanka ya rubuta, sannan ya karanta maka ka gyara. Ba sai ka bi shekara-shekara ba: sayi littafi mai shafi tamanin, kowace rana ka rubuta abu ɗaya da ka tuna, ko da rabin shafi ne, ka sa sunan wurin a sama. Kalmomin bariki ka bar su yadda kuke faɗinsu, kada wani ɗan boko ya canza maka su. A shafin farko ka jera sunayen mutanen sashenka da garuruwansu, waɗanda suka dawo da waɗanda ba su dawo ba, don wataƙila a wani gida a Azare ko Argungu har yau ba a san inda aka binne nasu ba.